Kwamfutar Ofis Ta Iya Miya

Musaddiƙ malamin gona ne a Kazaure, kuma duk abin da zai faɗa wa manoma a manhaja guda yake rubuta shi. Ta kyauta yake amfani da ita, ita kuwa na'ura biyu kacal take yarda a haɗa. Shi kuma uku gare shi: waya, kwamfutar gida, da ta ofis. Sai ya gano dabara. Da safe ya cire ta gida daga jerin na'urorin da aka haɗa ya saka ta ofis, da yamma ya mayar. Har abokin aikinsa Halliru ya gaji da jin wannan fahariya.

Matarsa Ihsan ta fi wata uku tana roƙonsa ya buɗe mata tata, don tana son rubuta girke-girken kakarta Adda tun tsohuwar na da sauran ƙarfin bayani.

"Abban Mu'minat, yau ma ba za ka buɗe min ba?"

"Gobe, in Allah Ya yarda. Abin sai mai kai."

Ranar nan ya bar kwamfutar gida a buɗe ya tafi masallaci. Ihsan ta zauna ta nazarci jerin, ta gwada sunan 'yarsu a gurbin kalmar sirri a wayarta, sai ga shi ta shiga. Washegari bayan ya tafi aiki ta cire kwamfutar ofis, ta saka wayarta, ta raɗa mata suna "Kwamfutar Ofis".

Can a ofis manhaja ta kori Musaddiƙ. Ya duba jeri, ga kwamfutar ofis a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya cire, ya sake sakawa. Kafin azahar an sake korar sa. Kwana huɗu ana wannan tirka-tirka, har ya zargi Halliru da taɓa masa kaya.

Ran Alhamis ya je Babura taron manoman gero. Ya tsaya gaban dattawa, ya buɗe rubutu na sama a waya ba tare da ya duba ba, ya ɗaga murya: "Da farko a jiƙa shi tun safe, sannan a zuba daddawa da..."

Ya ƙura wa wayar ido. Wani tsoho ya ce, "Malam, a gonar za mu zuba daddawar?" Wuri ya kaure da dariya.

Da aka tashi ya koma gindin darbejiya ya karanta rubutun har ƙarshe. Miyar wake ce ta Adda, wadda ya sha ranar Talata har da neman ƙari. Ya rubuta a ƙasa: "Kwamfutar ofis, ashe kin iya miya?"

Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta ɓullo: "Na iya, ranka ya daɗe. Ka taho da manja."

Ya iso gida da manjan da niyyar yin faɗa, amma dariya ta ci ƙarfinsa tun daga zaure. Ihsan ta karɓi wayarsa ta nuna masa: in kowa na da nasa asusun kyauta, suka raba kundi guda a tsakaninsu, na'ura huɗu ke nan. Biyu nasa, ɗaya tata, ragowar ta ba shi aro.

"Kada dai Halliru ya ji wannan," in ji shi.

"Ai matarsa ce ta koya min," ta ce, ta wuce kicin.