Lomar Gaban Sabo

A shekarar da fari ya ƙone gero tun kafin ya fid da kai, akushin yara a gidan su Iya Furera, can wani ƙauye kusa da Kunci, ba ya jiran kowa. A dire shi, a ce bismilla, kafin ka gyara zama sai ka ji farce na kankarar itace.

Rukayya, jikar Furera, ba ta zama da su. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ya tafi ya bar mata hannun dama a dunƙule. Hagun lafiya lau, amma wa zai yarda a tsoma hagu a akushin taro? Uwarta ta rasu, don haka kakar ce ke gutsuro daga nata rabon ta ba ta a baki. To, Furera ta tsufa, tari ya sa ta a gaba, abu ɗaya ke hana ta sukuni: ranar da ta kwanta dama, wa zai ciyar da yarinyar nan cikin wannan yunwa?

Da ta ji wata malamar asibiti na zuwa Ɗambatta ranar kasuwa, mai koya wa yara aiki da gaɓoɓinsu, sai ta ja Rukayya suka hau mota. Allura take so, mai zafi, irin wadda ake ji har ƙashi.

Malama Zulaihatu ta buɗe yatsun yarinyar a hankali, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zaro tsakuwa daga aljihu ta zube a tabarma.

"Iya, kin iya carafke?"

"Carafke? Wasan 'yan mata? Ke 'yar nan, ni allura na zo nema!"

"Babu allurar da za ta buɗe hannun nan, Iya, aiki ne zai buɗe shi. Ta tsinci tsakuwa, ta tsinke ganye, ta mulmula yumɓu kamar loma. Naki aikin ya fi wuya. Ki daina ba ta a baki."

Furera ta yi salati. "Kina da 'ya'ya kuwa?"

"Ina da su. Shi ya sa nake faɗa miki."

Da fushi ta taho, tana mita har gida. Amma a ƙofar gida tari ya turnuƙe ta har ta durƙusa, da ta miƙe kuwa sai ta duƙa ta tsinci tsakuwa.

Matan gida sun sha dariya. Tsohuwa ba haƙori, ta miƙe ƙafa a gindin rumbu tana carafke! Wannan duk mai sauƙi ne. Tashin hankalin lokacin cin abinci yake. Furera ta ajiye wa Rukayya ɗan kwano, ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinya. Tuwo ya suɓuce ya faɗi ƙasa, tuwon da aka sha wuya kafin a samu. Rukayya ta ɗago ido cike da hawaye.

"Iya, kin daina sona ne?"

Wallahi gara a soki Furera da wuƙa. Ta ciji gefen mayafi, ta ce, "Sake ɗauka, ƙawata."

A haka yatsun suka soma buɗewa, babban da manuni tukuna, sauran suna biyowa da ƙyar.

Wata rana da azahar zazzaɓi ya kayar da Furera, ko tashi ba ta iyawa. Tana kwance ta ji an dire akushin yara a tsakar gida, babu wanda ya tuna da ɗan kwanon Rukayya. Yau ga abin da take tsoro ya zo tun tana da rai. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta ɗaga asabari.

Rukayya ce durƙushe cikin yaran, ta kutsa tsakanin kafaɗu. Hannun daman ya shiga akushi. Ya gutsuro, ya mulmula, ya dangwali miyar kuka, ya hau, ya hau, har baki. Tsarki ya tabbata ga Allah! Hannun da ta wanke, ta shafa wa mai, ta fid da rai da shi, ga shi yana ciyar da mai shi.

Nan da nan tuwo ya ƙare, saura loma ɗaya a gaban Sabo, ɗan baffan Rukayya, ƙaton yaro mai saurin hannu. Kowa ya san ba a cin gaban wani, kuma Furera da kanta ta sha ranƙwashin yara a kan haka. Sabo ya miƙa hannu. Caraf! Rukayya ta riga shi, ta jefa a baki.

Sabo ya rugo ƙofar ɗaki yana ihu. "Iya, kin gani? Ta cinye gabana! Ba za ki dake ta ba?"

Furera tana kuka tana dariya, tari na sarƙe ta.

"Da wane hannu ta ɗauka, Sabo?"

"Da dama mana!"

"Sake faɗa mini," in ji ta.