Rantsuwar Tasalla

Tasalla ta tura lomar tuwo ta gefen da bakinta ke iya buɗuwa, muƙamuƙinta ya yi ƙas. Ita kaɗai ce a kan tabarmar. A da, maƙwabciyarta Dela ba ta jiran kira, da ta ji ƙamshin miyar kuka sai ga ta da hannu a wanke. Yanzu ko gaisuwa ta kan katanga take jefowa.

Shekarar da mijin Tasalla ya rasu, ƙanensa Sama'ilu ya ce gonar bakin rafi tasa ce. Tasalla ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani a gaban mai gari, ta rantse ta marayunta ce. Damina ba ta zagayo ba haɓarta ta fara karkacewa hagu. Mutanen Kanya Babba kuwa ba sai da likita suke gane ciwo ba, nan take suka yanke: rantsuwa ce ta kama ta. Aka daina gaya mata suna da biki, aka daina sayen daddawarta. Ciwon bai taɓa yi mata zafi kamar sunan maƙaryaciya ba.

* * *

Yayanta ya kai ta asibiti a Kano. Likita ya ɗaga hoton ƙashinta a haske.

"Mama, ƙashi ne ya tsiro a mahaɗar muƙamuƙinki. Ba ciwon daji ba ne. Ba kasafai ake ganinsa ba, kuma a hankali yake girma."

"Ɗana, ya riga rasuwar maigidana? Bara waccan ce."

"Ya riga ta nesa ba kusa ba."

Tasalla ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Ta so a ce duk garinsu na cikin ɗakin nan.

* * *

Aka yi aiki, ta dawo gida baki a miƙe. Washegari sai ga Dela da kwanon kunu. Tasalla ta yi maza ta ɗauko ludayi biyu, zuciyarta fari ƙal.

Dela ta ƙare mata kallo daga tsaye.

"Ikon Allah, ya koma daidai. Ai Allah mai karɓar tuba ne, Yaya. Tunda kin tuba, ki ƙarasa ladanki, ki mayar wa Sama'ilu gonarsa."

Tasalla ta buɗe baki, ya buɗu har ƙarshe ba ko ƙara, sai ta mayar ta rufe. Dela ta fita. Kunun ya huce, ya yi fata a sama, ludayin biyu na ajiye a kan faifai.