Gefen Takardar da Aka Yanke

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana gyaran rubutu a gidan buga littattafai, kuma da ya yi ritaya bai bar musu jan bironsa ba, da shi ya dawo gida. Tun daga nan babu takardar da ta ƙara shiga gidan ta kwana lafiya. 'Yarsa ta fari, wadda kowa a layin ke kira Tela saboda keken ɗinkinta da ke falo, ta saba da wannan hali. Abin da ya gagare ta sabo shi ne takardar cikin kwalin magani.

Likita ya faɗa musu ɓaro-ɓaro: jinin Baba ya hau, in bai sha magani kullum ba, ɓarin jikinsa na iya shanyewa. Amma Baba sai ya warware takardar nan mai ninki goma, ya ɗora tabarau, ya bi illolin da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar kuwa duk sun same shi. An ce jiri, ya yi jiri. An ce bushewar baki, ga shi riƙe da kofi. Duk wadda ta iso sai ya ja mata jan layi, kwana uku ya ture kwalin gefe. Ran nan har gargaɗin masu juna biyu ya ja wa layi.

"Baba, wannan fa na mata ne."

"Na gani, Uwata. Amma abin da zai taɓa jariri, ni tsoho zai ƙyale?"

Sau biyu ana canza masa ƙwaya. Da aka ba su ta uku, Tela ta kai maƙura. Tana ƙaunar ubanta, amma ranar ji take kamar ta haɗa shi da kwalin ta mayar wa likita. Ta shimfiɗa takardar a teburin yanka, ta sa almakashi ta datse sashen illolin, ɗan siriri mai tsawo, ta jefa cikin buhun ƙyallaye, don tela ba ya zubar da abin da ya yanka. Ta ninke sauran tsaf ta mayar.

Baba ya karanta, ya juya bayan takardar, ya daɗe yana kallon gindinta. Sai ya ce a ba shi ruwa. Kwana takwas yana sha, babu jiri, babu layi. Tela ta riƙa yaba wa kanta dabara, har ta buga wa ƙanwarta waya tana dariya.

Rana ta tara da hantsi, tana fama da kayan makaranta guda ashirin da za a zo karɓa da yamma, Baba ya tsaya a bakin ƙofa.

"Uwata, leɓena kamar ya yi nauyi."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Takaici ya cika ta: an cire masa jerin, yanzu kuma da ka yake ƙirƙirowa.

"Baba, don Allah ka bar ni in yi aiki. Takardar ta ce leɓe zai yi nauyi?"

"Ba ta ce ba."

"To ka gani."

Ya koma ɗaki, keke ya ci gaba da ƙara. Sai da azahar ta kai masa abinci, ta tarar da shi zaune a bakin gado, leɓensa na sama ya kumbura suntum, yana magana kamar mai tauna auduga. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ruga falo ta zazzage buhun. Ƙyallayen atamfa, na yadi, guntun zik, sannan siririyar takardar, maƙale da zare. Layin farko, da manyan baƙaƙe, ya ce idan leɓe ko harshe ko fuska ta kumbura, a daina sha, a tafi asibiti nan take.

Ba ta san yadda ta tsayar da tasi ba. A asibiti aka yi masa allura, aka sa masa abin numfashi. Likitan da ya saba duba Baba ya tambaye ta tun yaushe abin ya fara. Da ta ce tun hantsi, ya dube ta ya ce, "Gidan da ake karanta takarda har ta gaji?" Ta sunkuyar da kai, takardar na dunƙule a tafinta.

Bayan la'asar kumburin ya fara saɓewa. Tela na zaune a kujerar roba kusa da gadon, ta rasa ta inda za ta fara.

"Baba, ni na yanke takardar."

"Na sani," in ji shi, a hankali don harshen bai gama komawa ba. "Tun ranar farko. Inji yana barin fili a gindin shafi, wannan babu. Kuma yankan ya fi na inji kyau."

"To me ya sa ka sha?"

"Na ga kin gaji da ni."

Ta juya fuska wajen taga, amma hawayen sun riga ta. Da faɗa ya yi mata, da ya fi sauƙi.

Can ma'aikaciyar jinya ta shigo da sabon magani, na huɗu ke nan, ta ajiye a kan ɗan teburin. Baba ya kalli kwalin, ya kalli 'yarsa, bai miƙa hannu ba. Tela ta share ido, ta buɗe kwalin, ta zaro takardar ta warware ta ninki bayan ninki har ta rufe mata cinya. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero, gaba da baya, kuma kayan makaranta ashirin na can suna jiranta. Ta ja dogon numfashi.

"Ina bironka?"

Ya nuna aljihun rigarsa da ke rataye.

"Daga farko za ki fara, Uwata," in ji shi. "Kada ki tsallake na masu juna biyu."