Lambar da Sahabi Ya Sani

A gidan marigayi Malam Garba da ke Tanut akwai tarho irin na da, mai igiya, a kan wani ɗan tebur kusa da taga. Tun yana aiki a biron prefe, wato ofishin shugaban gunduma, aka jawo masa shi. Bayan rasuwarsa kowa a gidan ya koma salula, amma matarsa Hajiya Hawa ba ta yarda an cire shi ba, kuma ba wanda ya tambaye ta dalili, don kowa ya sani.

Ɗanta Sahabi ya tafi Libiya neman aiki shekaru da dama da suka wuce. Ya kira daga Agadas, ya sake kira daga Sabha ya ce ya samu aikin gini, duk ta wannan tarhon. Lambarsa ce ya haddace tun yana ɗan makaranta a lakwal. Daga baya kiran ya ragu, sannan ya tsaya. An tambayi masu dawowa, an tambayi direbobin manyan motoci da ke yada zango a tasha, ba wanda ya kawo labari mai tushe. Salular ƴan gidan kuwa ta ɓata ta ɓata, lambobi sun canja. Hajiya ta riƙe a ranta cewa in Sahabi zai nemi gida, ta nan kaɗai zai iya.

Ƙanwarsa Raliya malama ce. Da aka maido ta daga Belbeji zuwa Tanut, sai ta dawo gidan mahaifiyarta da zama. Tana wani karatun ƙarin ilimi daga nesa, wanda ke bukatar intanet mai ƙarfi, kuma ta gaji da tsayuwa a bakin katanga tana ɗaga salula sama tana neman rezo, wato sabis. Da farko ta so a haɗa mata intanet ɗin ta layin tarhon gidan, don kada ran uwar ya ɓaci. A biron kamfanin waya aka gaya mata abin ba zai yiwu ba. Ruwan daminar bara ya kayar da turakun wayar unguwarsu, kuma ba a da niyyar sake kafa su. Abin da ake sa wa gidaje yanzu wani ɗan akwati ne mai kati a ciki kamar na salula, ba ruwansa da igiya, in an jona shi da wuta sai ya ba gida duka intanet.

Raliya ta yi kwanaki tana juya maganar kafin ta faɗa. Wata safiya, Hajiya tana tsince gyaɗa a faifai, ta zauna kusa da ita ta bayyana mata komai, har da batun turakun.

"Na sani," in ji Hajiya, ba ta ɗago ba. "Kullum ina ɗagawa in sa a kunne. Tun damina ba ya ko ƙara."

"To Inna, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"In na faɗa, cirewa za ku yi."

Raliya ta sunkuya kan faifan. Ta ɗebi gyaɗar ta taya ta tsincewa har suka gama.

Hajiya ce da kanta ta ce a kira mai aikin. Ya zo da akwatin, fari ne, bai kai girman kwanon sha ba. Ya zagaya gidan da salularsa yana gwada inda rezo ya fi ƙarfi, sai ya zamana bakin tagar nan ne, daidai kan teburin tarho. Ya dubi Raliya, Raliya ta dubi uwarta. Hajiya ta tambaye shi ko za a iya mayar da tsohuwar lambar cikin sabon akwatin, ya ce a'a, lambar ta tafi tare da layin. Sai ta tashi ta ɗauke tarhon da hannunta, ta naɗe igiyarsa, ta shiga da shi ɗakinta. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Raliya ta ci gaba da karatunta, amma abin bai bar ta ba. Tana ganin kamar ita ta rufe wa yayanta ƙofa, ko da yake ta san ƙofar ta daɗe a rufe. Saboda haka ta ɗauko hotonsa na katin shaida, ta ɗauke shi da salula, ta rubuta sunansa da na mahaifinsu da unguwarsu, ta tura cikin zaurukan sada zumunta na ƴan yankinsu na Damargu mazauna waje. Ta roƙi kowa ya tura gaba. Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce ya gan shi a Aljeriya, wani ya turo hoton wani mutum dabam. Ba ta gaya wa Hajiya ko ɗaya ba.

Bayan girbin gero sai ga saƙon murya daga wani mai suna Manzo, mutumin wani ƙauye ta wajen Gangara, yana Sabha. Ya faɗi tabon da ke gwiwar Sahabi, ya faɗi yadda yake in'ina in ya yi fushi. Ya ce akwai magana, amma da uwar yake so ya yi ta, ido da ido.

Sai Raliya ta gaya wa Hajiya. Suka zauna bayan la'asar, Raliya ta riƙe salular ta kira shi ta bidiyo. Fuskar Manzo ta bayyana, ramamme, da furfura a gemu, bayansa bangon bulo da ba a yi wa shafe ba. Ya gaida Hajiya gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da damina, ita kuma ta amsa masa duka, ba ta katse shi ba.

Sannan ya ce, "Inna, sai haƙuri. Sahabi ya riga mu gidan gaskiya. An daɗe."

Raliya ta saki kuka, hoton ya karkace. Hajiya ta kama hannunta ta daidaita salular. Ta yi salati, ta ce ya ci gaba.

Ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Sahabi. Ciwon ƙirji ne ya kama shi lokacin sanyi, ya yi jinya ba mai tsawo ba. A lokacin gari ba lafiya, an ƙwace musu wayoyi a wani shinge, kuma shi Manzo bai san komai game da gidansu ba sai sunan Tanut. Ya ba wani mai dawowa saƙo, ga alama saƙon bai iso ba. Sai da ya ga hoton ya gane har yanzu ana jira.

"Wa ya yi masa wanka?" in ji Hajiya.

"Ni da wani dattijo mutumin Tarka."

"An samu likkafani?"

"An samu, sabo. Mun yi masa salla, mutanenmu sun cika sahu. Na san inda kabarin yake, nakan je."

Ta gyaɗa kai. Ta sa masa albarka, ta sa wa iyayensa. Sai a nan muryarta ta karye, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari aka sanar a masallacin unguwa. Mutane suka zo gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar, aka dama fura, aka yi gumba aka raba. Wasu mata suna cewa gara da ba a ji ba. Hajiya ta ce musu a'a, yanzu ta san addu'ar da za ta yi masa.

Da zaman makoki ya watse, ta sa Raliya ta sake kiran Manzo don ta yi masa godiya a natse. A cikin hira ta tambaye shi ko mahaifiyarsa tana da rai. Ya ce tana nan a ƙauye, sunanta Husaina, yakan aika mata saƙon murya ta hannun wani mai shago a Gangara, amma rabon da ta ga fuskarsa tun ranar da ya fito, don ƙauyen ba rezo.

Hajiya ta aika a nemo ta. Ranar kasuwar Tanut motar Gangara ta sauke wata tsohuwa ƴar ƙarama, da ƙullin kuɓewa busasshiya da ta kawo tsaraba. Ba su taɓa ganin juna ba. Husaina ta yi mata ta'aziyya, Hajiya ta ba ta ruwa, ta shimfiɗa mata tabarma a ɗaki. Raliya ta kira Manzo, ta nuna wa tsohuwar yadda za ta riƙe salular nesa da fuska kaɗan, ba a kunne ba.

Da hoton ya fito, Husaina ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Manzo, kai ne ka yi furfura haka?"

Hajiya ta taɓa kafaɗar Raliya, suka fita tsakar gida, suka ja musu ƙofa. Ta ce a ɗora tukunya da wuri, baƙuwar a nan za ta kwana.