Gishirin Waken Dona Creuza

Waken Dona Creuza ya lalace tun makon da aka binne Seu Anacleto, kuma mijinta Valdeci na da hannu a ciki, ko da yake ba ya son a faɗa.

Shagon abincinsu na gindin gangare, daura da garejin motocin bas. Direbobi da makanikai ke ci a wurin: shinkafa, baƙin wake, soyayyen garin rogo, ranar Asabar kuma farfesun ƙafar saniya. Ita ce a murhu, shi kuma yana wajen karɓar kuɗi, taba a baki, surutu ba tsayawa.

Anacleto tsoho ne siriri, ba mata ba ɗa, da ya kama ɗaki a bayan shagon. Wai a jirgin ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana dafa wa ma'aikata. Ranar da ya fara shigowa, cokali ɗaya na wake ya kai baki, ya juya shi a harshe, ya ajiye.

"Wa ya dafa wannan?"

"Matata," in ji Valdeci. "Da magana ne?"

"Babu. Kira mini ita mu gaisa."

Ta fito tana goge hannu. Tsohon ya yi ƙasa da murya ya faɗa mata wani abu. Valdeci ya ga fuskarta ta sauya, ta koma madafa. Ya tambaye ta daga baya, ta ce gaisuwa ce. Shi dai bai taɓa ganin gaisuwar da ke sauya fuskar mace haka ba.

Daga nan kullum da hantsi, kafin a buɗe, sai ga tsohon a ƙofar baya. Ba ya zama, ba ya sayen komai. Ya ɗan tsaya, su yi ƙus-ƙus, ya wuce. Kuma a wannan tsakanin abincin, da ya ɗan ja baya kafin zuwan tsohon, ya dawo yadda yake da can, har waɗanda suka ɗauke ƙafa suka komo. Wannan ne ya fi damun Valdeci. A ganinsa mace ba ta gyara girki haka kawai.

"Kai Valdeci," in ji Nivaldo direba, bakinsa cike, "tun da kakan nan ya tare, hannun Dona Creuza ya ƙara zaƙi. Me yake zuba mata ne?"

Shago ya ɗauki dariya. Valdeci ma ya yi, ta baki.

Washegari ya ce zai je kasuwa, ya zaga ta lungu ya laɓe bayan tukwanen gas. Da idonsa ya ga matarsa ta ɗebo romon wake, ta hura, ta kai cokalin bakin tsohon, ta zuba masa ido kamar mai jiran hukunci. Shi da ya aure ta ba ta taɓa ba shi abinci a baki ba.

"Seu Anacleto, ba ka da hannu ne?"

"Ina da shi, ɗan nan."

"To ka ɗauke shi ka bar mini ƙofa. Furfura ba ta hana ɓarna, na sani. In na sake ganinka nan, har mai gidan da kake haya sai ya ji."

"Valdeci, tsaya ka ji," in ji Creuza.

"Na gani, me zan ji?"

Tsohon ya kalle ta, ta girgiza masa kai. Ya juya ya tafi yana dafa bango. Valdeci ya sa kwaɗo a ƙofar, ya jefa makullin a aljihu.

Aka daina ganin Anacleto a layi. Mai sayar da burodi ta ce ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Valdeci ya ce dabara ce ta neman tausayi. Wata rana da la'asar ya ga Creuza ta fita ta ƙofar gaba da ɗan kofi a ƙarƙashin tsumma. Ya ba ta tazara ya bi ta.

Ɗakin na warin magani. Tsohon na kwance, an tokare shi da filo, ya zube kamar ba shi ba. Valdeci ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗiga wa tsohon romon waken da ke kofin a baki, ya daɗe yana juya shi.

"Ban ji komai ba, 'yata. Nawa harshen ma ya tafi."

Ta zauna a bakin gadon ta rufe fuska. Tsohon ya hango Valdeci.

"Shigo mana, ɗan sanda. Ko kai za ka ɗanɗana mata?"

"Ita ba ta da baki ne?"

Creuza ta ɗago. "Ba ni da shi. Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da rabin unguwa ba na jin gishiri, ba na jin ƙamshi. Ko tafarnuwa ta ƙone sai dai in ga hayaƙi. Shi da cokali ɗaya ya gane."

"Ni ba a faɗa mini ba?"

"Kai? Bakin nan naka da ba ya riƙe ruwa? Kafin azahar duk gareji ya ji cewa mai girki ba ta da harshe. Wa zai sake zama ya ci?" Ta share hanci. "Ya koya mini awon shinkafa da na farfesu da tafin hannu. Wake ya rage, shi kowane buhu da halinsa. A kansa muke ka sa kwaɗo."

"Kwana kaɗan ya rage mata ta iya," in ji tsohon. "Ba komai. Ɗan buɗe mini tagar nan."

Valdeci ya buɗe. Shi ke nan abin da ya taɓa yi masa.

Ranar Alhamis da safe mai burodi ta sami tsohon ya cika. Aka binne shi washegari. Mutane ba su da yawa, dole Valdeci ya kama hannun akwatin, ya ji ba nauyi.

Valdeci ya yi ƙoƙari, wannan kam a ba shi. Kullum ya tsaya a murhu ya ɗanɗana, amma harshen da taba da barkono suka cinye me zai gane? Yau gishiri ya yi yawa, gobe salam. Direbobi ba su yi ƙorafi ba, mutunci ya hana. Nivaldo ya fara barin rabin faranti, daga baya ya riƙa ɗaga hannu daga tsallaken titi. Kafin damina ta fita Valdeci da Creuza suka rufe shagon, suka mayar wa wanda ya ba su haya makulli.

Yanzu Creuza na wanke-wanke a shagon da ke saman gangare, inda direbobin suka koma. Da rana in Valdeci ya wuce yakan hango ta ta taga, ta sunkuya a kan kwanuka, matar wani na motsa wake a gefenta.