Matar Ayuba Na da Magana

"Ba zan cire ba, Fada," in ji Remedios, tana tsaye a barandar coci da takardun wasan a hammata.

Fada Anacleto ya zamo da tabarau kan hancinsa. Shi ya yi mata baftisma, shi ya ɗauke ta koyarwa a makarantar coci da ta dawo daga jami'a a birnin Iloilo, shi kuma ya ɗora mata rubuta wasan bikin gari na bana. Labarin Ayuba ya zaɓa, don guguwar bara ta yaye rabin rufin garin, mutane na bukatar darasin haƙuri. Ta kuwa rubuta. Sai dai a ƙarshen wasan, da Ubangiji ya mayar wa Ayuba dabbobi ninki biyu da sababbin 'ya'ya goma, matarsa takan ɗaga hannu kamar 'yar aji uku.

"Sake karanta mini abin da take cewa."

Remedios ta gyara murya. "Ranka ya daɗe, an gode da raƙuma. Amma goman nan wa zai yi naƙudarsu? Ayuba? Mutumin da ƙurji ya sa shi surutu babi talatin? Goman farko da suka mutu kuma, da na san wanda ba ya cin albasa a cikinsu, musanya mini su aka yi kamar tukwanen da suka fashe?"

Fada ya yi tarin da ya yi kama da dariya. "'Yar nan, Littafi bai ce ta yi magana a nan ba."

"Bai ce ta bebance ba kuma, Fada."

Manang Pilang, tsohuwar da za ta fito a matar Ayuba, wadda teku ya ci 'ya'yanta biyu a guguwar, ta leƙo daga inda take jera furanni. "Ni dai na riga na haddace, Fada. Da tsufan nan, abin da ya shiga kai ba ya fita."

"Bishop zai zauna a layin gaba," in ji Fada, ya daina tari. "Ran Litinin ki kawo mini shafin nan, ko makullin ajinki."

A gida mahaifiyar Remedios ta ajiye wuƙar kifi. "Ke da Allah za ki yi shari'a? Ko lauya ba ki da shi!"

"Tambaya ce kawai, Nanay. Ayuba ma ya yi, har da raƙuma aka sallame shi."

"To, jira naki raƙuman."

Ran Litinin Remedios ta kai makulli. An yi wasa, matar Ayuba, wata yarinya da aka samo bayan Manang Pilang ta ƙi, ta tsaya riƙe da faranti ba ta ce uffan ba. Bishop ya tafa.

Shekara biyu ke nan Remedios tana tsaga kifi tana shanyawa a rumfar mahaifiyarta. Duk Juma'a Fada kan zo sayen busasshe, ya tambaya, "Har yanzu?" ta ce, "Har yanzu, Fada," ta ƙara masa gyara. Babu makarantar coci a duk tsibirinsu da ta sake ɗaukarta, gishiri kuma ya farfasa mata yatsu har riƙe biro yana yi mata zafi.