Irin Gida

Tafin hannunta ne ya fara gaya mata. Bachuli na cire ciyawa a gonar bang, shukar nan dangin wiwi, da hantsi, ta dafa wani tushe don ta miƙe, da ta sake shi sai ta ji yatsunta suna mannewa. Ta kai hanci. Warin nan ne mai kauri da ta sani tun tana yarinya, wanda bai kamata a ji ko ɗuriyarsa a wannan gona ba.

Irin kamfani aka shuka a nan, wanda gwamnati ta halatta, dogo siriri, ba reshe ba maye, amfaninsa zare da mai. Ko yini mutum ya yi yana zuƙar hayaƙinsa, ciwon kai kawai zai kwasa. Wannan kuwa gajere ne, ya baje rassa, ganyensa ya yi duhu. Da ta ɗaga ido ta duba da kyau, sai ga 'yan uwansa nan birjik, sun laɓe a ƙarƙashin dogayen.

Kuma gobe jami'in gwamnati zai hawo dutsen ya yanki ganye a kai gwaji.

Lasisin sunanta ne a kai, ita kaɗai. Mijinta Kundan yana can Delhi yana tuya a otal. Ita ta bi matan ƙauyen gida-gida ta lallashe su, ita ta sa hannu a madadin gonakinsu duka. Ranar sa hannun kuwa jami'in bai ɓoye mata komai ba. Ya ce idan aka sami mai maye a ko wace gona, wiwi ce a idon doka, kuma mai suna a lasisi za a ɗaure. Bachuli ta san yadda ake tafiya da mutum. Tana ƙarama 'yan sanda suka ƙone bang ɗin ƙauyukan nan kaf, suka farfasa tukwanen iri, suka sa babanta a gaba da igiya a ƙugu. Da ya dawo ba ya iya haɗa ido da kowa.

Ta isa gida da gudu. Surukarta Khimuli na zaune a bakin ƙofa tana niƙa 'ya'yan bang da lemun tsami da barkono, abin cin gurasar tamba, hankalinta kwance.

"Ija," ta ce, haka take kiranta kamar uwar da ta haife ta, "me kika zuba a gonar?"

"Ke Buwari, matar ɗana, ba sallama? Damisa ce ta biyo ki?"

"Don Allah Ija, me kika zuba?"

Tsohuwar ta ci gaba da niƙanta. "Irin gida mana. Hannu guda, daga wannan baki zuwa wancan. An taɓa kai baƙon iri ƙasa ba ɗan gari a tare da shi? Wa zai nuna masa wuri? Haka uwar mijina ta yi, haka tata uwar mijin ta yi. Ke da kika ga ya yi tsayi kin zaci aikin kamfani ne?"

Al'adar ke nan, kuma Bachuli ta san ta sarai, ta dai manta ne da tukunyar irin da tsohuwar ta binne a turken ɓaunar da suke tatsa shekarar ƙuna, ta tsira da ita, take sabunta irin a bayan ɗaki. Ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Ɗaure ni za su yi, Ija. Ni, ba Kundan ba. Ni."

"A kan ganyen Shiba, abin bautarmu? Su da suka ƙona shi jiya, yau suka dawo suna saye, su ne za su koya mini mai kyau da mara kyau?"

Amma da ta ga matar ɗanta ta ƙi sakin ƙafafunta, sai ta ajiye dutsen niƙan, ta jawo laujenta tana ƙunƙuni.

Yini suka yi a duƙe. Tsohuwar na gaba tana nunawa da baki, Bachuli na tugewa da saiwa. Kowane tushe sai Khimuli ta ja tsaki, wani har ta shafa shi kamar za a yanka akuyarta. Bachuli ba ta da lokacin tausayi. Ƙonawa ba ta yiwuwa, hayaƙin zai tona su har ƙauyen da ke ƙetaren kwari. Sai ta danna su a ƙasan babban kwandon goyo, ta rufe da ciyawar ɓauna, ta nufi kwazazzabo. Hanyar kuwa ɗaya ce, kuma ta gaban shagon shayi ta bi.

Kullum majalisar nan maganar ke nan, tun ranar da aka yi shukar. Malamin makaranta ya ce nan gaba ba mai neman aure a ƙauyen 'yan wiwi. Mai shagon ya ce har man shafawa na bang ana sayarwa a birni, matan manya na rububinsa, to laifin me. Samari su dai dariya suke, suna kashe wa juna ido. Mafi zafinsu Dewan Singh, tsohon soja, wanda bai taɓa noma ko albasa ba amma ya fi kowa sanin abin da ya kamata a shuka.

"Ga shugabar 'yan igiya nan!" ya ɗaga murya. "Matar ƙanena, yau ɓaunar taki biki take? Wannan kaya haka?"

"Ta fi ka ci ne, Yaya."

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya buɗa hanci yana shaƙa.

"Ni fa na faɗa, daga igiya zuwa murza ƙaron wiwi a tafin hannu taku ɗaya ne. Ranar da na ji wari, da ƙafata zan sauka ofishin 'yan sanda. Ke, tsaya mana, me ke tashi haka?"

"Zufa ce. Da ka taɓa aiki da ka san ta."

Ta wuce ana tafa mata. Ba ta waiwaya ba sai da ta juye kwandon a kwazazzabo, ta tura duwatsu a kai. Ta goge hannunta da ƙasa har fatar ta yi ja. A hanyar dawowa ta yi ta faɗa wa kanta abu guda: sauran gidajen ba su da tukunya, an fasa tasu tun tuni. Gonarta ce kaɗai, kuma ta share ta tas.

Da safe jami'in ya iso yana haki, saurayi mai gilashi da almakashi da jakar leda. Rabin ƙauyen ya biyo shi kallo, Dewan Singh a gaba, hannu a baya. Ya shiga gonar Bachuli, ya yanki nan, ya yanki can, ya leƙa ƙarƙashin dogayen.

"Gona ta yi kyau, Didi," ya ce, wato yaya. "Da kowa haka yake da mun huta."

Sai lokacin hankalinta ya kwanta. Har ta yi masa tayin shayi. Ya ce sai ya gama, ya tambayi gona ta gaba, aka nuna masa ta Hansa, bazawarar da ke ƙasa da su. Ya fara sauka a hankali yana dafa duwatsu.

Khimuli ta matso kusa da ita, ta dogara da sandarta tana kallonsa.

"Can zai ga gona," ta ce ƙasa-ƙasa, har da ɗan alfahari.

Bachuli ta juyo.

"To su da ba su da tukunya, in bar su su kai baƙo ƙasa shi kaɗai? Ranar shuka kina gari wajen takardunki, suka zo suka roƙe ni. Kowacce na watsa mata hannu guda." Ta gyara mayafinta. "Ita Hansa hannu biyu na yi mata, baiwar Allah, ba ta da kowa."

Can ƙasa jami'in ya sunkuya, ya kama wani tushe. Da ya miƙe sai ya tsaya yana duban yatsunsa.